Yadda Kwazazzabo Ke Gadon Sunan Gidan Da Ya Fara Saran Daji

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. To, ba ɗan Adam kaɗai ake ja da wannan linzami ba, ƙasa ma da shi ake kama ta. Duk wanda ya bar Birnin Kudu ya nufi Gwaram, ya ratse daga kwalta ya shiga ƙauyukan ƙasar Kwandiko, zai tarar da wuya a sami kwari ko ƙorama ko kwazazzabo wanda ba shi da suna a bakin mutanen wurin, ko da yake ba zai ga allon da aka rubuta sunan a kai ba. In ya tambayi hanya, ba mai ce masa ya yi mil kaza. Abin da za a ce masa shi ne ya miƙe har ya tsallake kwarin gidan wane, in ya ga kuka a hannun dama ya karkata. In kuwa ya ƙara tambaya ya ce ina shi wanen yake, sau da yawa sai a yi murmushi a gaya masa ai ko kakan mai ba shi amsar bai riske shi ba.

Kwandiko ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwaram, tare da irin su Sara da Kila da Fagam da Basirka da Farin Dutse. Yankin yana can kudancin Jihar Jigawa, ya yi iyaka da Jihar Bauchi, yana kuma cikin masarautar Dutse. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga watan Agusta, 1991, duk wannan wuri ƙasar Kano ne, kuma Sarkin Kano ke naɗa hakimansa. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, da shinkafa a fadamu. Ta fi arewacin jihar, watau wajen Gumel da Maigatari, samun ruwan sama, ga kuma duwatsu da gangare. Saboda haka ruwan da ya sauka a nan ba ya tsayawa jiran kowa, gudu yake yi yana neman manyan rafuka da kogin Bunga, wanda can gaba ake kira kogin Jama'are. Inda duk ruwa ke gudu a kan ƙasa mai rairayi kuwa, dole ya bar sawunsa.

WANDA YA FARA SA GATARI

Kafin a gane yadda sunan gida ke manne wa kwazazzabo, sai an san yadda aka zauna ƙasar. A ƙarni na 19 kudu maso gabashin Kano bakin daga ne. Wajen shekarar 1846, a farkon zamanin Sarkin Kano Usmanu ɗan Dabo, waɗansu malamai a ƙarƙashin Malam Hamza suka tashi daga Tsakuwa saboda saɓani a kan kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na hare-haren Ningawa a kan ƙasar Kano, abin da ya sha kan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya kuma ci gaba har zuwan Turawa. Garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram suna kan hanyar waɗannan mahara. Mai hankali a wancan zamani ba ya kwana nesa da ganuwa. A kan yi noma kusa da gari, a dawo kafin faɗuwar rana, dajin da ke can nesa kuwa a bar wa maharba da namun dawa.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hare-hare suka kwanta, sai mutane suka fara fita daga ganuwa da kaɗan kaɗan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, ga haraji da ake biya da tsabar kuɗi. Waɗannan abubuwa suka haɗu suka sa gona ta yi daraja. Magidancin da gandun gidansu ya yi wa kaɗan sai ya je wurin dagaci ko mai unguwa ya yi gaisuwa, a nuna masa daji a ce ya sara iyakar ƙarfinsa. Ya kwashi 'ya'yansa da ƙannensa su yi sassabe da rani, su kafa bukkoki, su haƙa rijiya ko su dogara da ƙorama, su kafa rumbu. Bayan shekara biyu ko uku, in wurin ya karɓe su, sai surukai da abokan arziki su biyo baya. Haka unguwanni da gidajen gona masu yawa suka samo asali a wannan yanki, ban da rugagen Fulani waɗanda su ma suka zauna a gefen mashaya.

Al'ada da shari'a duka sun san da wannan mutum. A wurin Bahaushe, wanda ya sari daji shi ke da gona, 'ya'yansa kuma su gada. A littattafan fiƙihun Malikiyya akwai babi sukutum a kan rayar da matacciyar ƙasa, inda aka bayyana cewa haƙa rijiya da sare itatuwa da yin gini da huɗa suna cikin abubuwan da ke sa mutum ya keɓanta da fili. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, ya yi littafi na musamman a kan haka mai suna Ta'alimur Radi. Abin da babu a ƙauye shi ne takarda. Babu mai rubuta cewa ranar kaza wane ya sa gatari a wuri kaza. Sai bakin jama'a ya ɗauki aikin magatakarda.

Sunan kuwa ba rana ɗaya ake raɗa shi ba. Ba a yanka rago, ba a raba goro, ba a kiran wanzami. Da farko a kan ce gonar wane. Mata masu zuwa ɗiban ruwa da yara masu kai abinci gona su fitar da 'yar hanya, ta zama hanyar gidan wane. Ruwan damina ya bi wannan hanya ya ƙwaƙule ta, shekara ta farko iyakar idon sawu, bayan shekara goma iyakar gwiwa, sai ka ji ana gargaɗin yaro kada ya bi da jaki ta ramin gidan wane. Kafin jikoki su yi furfura rami ya zama kwazazzabon da ke shanye mutum a tsaye. A lokacin an daɗe da yar da kalmar gida, saura sunan mutumin kaɗai, ko laƙabinsa, ko sana'arsa, ko garin da ya fito. Shi ya sa za ka ji kwari na maƙera ko na majema, ko na mutanen gari kaza, alhali yau babu ko uwar maƙera ɗaya a kusa da wurin.

A nan ne abin mamakin yake. Mutane da yawa suna zaton kakansu ya zo ya tarar da kwazazzabon ne ya zauna a bakinsa. Wani lokaci haka ne, musamman inda akwai tsohuwar ƙorama. Amma sau da yawa sa'ad da ya zo babu kwazazzabon sam, zuwansa ne ya haife shi. Dajin da ya sare shi ne rigar ƙasar. Ganyen marke da kalgo da sabara suna tare ƙarfin ɗigon ruwa, ciyawa da saiwoyi suna riƙe ƙasa, ruwa ya sami sukunin nutsewa. Da aka tuɓe rigar, ruwan farko na watan Mayu ko Yuni sai ya sauka a kan ƙasa tsirara, ya daddaɓe fuskarta ta yi ɓawo, abin da ya biyo baya ya kasa shiga sai ya kwarara. In kuma an ja kunya ta bi gangare maimakon ta gitta shi, kowane kwarin kunya ya zama ƙaramin magudani. Ruwan ya taru a wuri ɗaya, ya sami ɗan gefe ya faɗa, ya riƙa cin gindin gefen har saman ya rufto. Ta haka kan kwazazzabo yake tafiya da baya, yana hawa tudu, yana bin ruwa zuwa inda ya fito. Watau sunan nan da zuriya ke alfahari da shi yana shaida abu biyu a lokaci ɗaya: inda aka fara raya ƙasa, da inda ƙasa ta fara zubewa. Faɗin haka ba zargin magabata ba ne. Mutumin da ke da baki goma sha biyar a gida, ga mai karɓar haraji a zaure, ba zai tsaya lissafin abin da ruwa zai yi bayan shekara sittin ba.

TUN DAGA DALA

Wannan ɗabi'a ta kiran wuri da sunan wanda ya fara zama ta girmi ƙauyukan da muke magana a kansu nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Dala sunan mutum ne, baƙo da ya zo ya gina gida a kan dutsen ya zauna da iyalinsa, kuma daga zuriyarsa ne Barbushe ya fito. Yau duk Bakano ya san Dala, amma nawa ne ke tuna cewa suna kiran sunan wani magidanci ne? Mutanen Haɗeja suna ba da labarin wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Sunan Abuja daga Abu Ja ya fito, Sarkin Zazzau na Haɓe wanda ya kafa garin a 1828, da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birnin tarayya kuma sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A cikin birnin Kano akwai Kwarin Mabuga da Tudun Nufawa da Zangon Barebari, kowanne yana faɗin ko su wa suka zauna, ko me suke yi. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun sami marubuta, kwarin ƙauye kuwa bai samu ba.

Sai dai ya kamata mai karatu ya yi hattara da kalmar nan ta na farko. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda aka sami zanen shanu a jikin duwatsu, da kuma duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda Bernard Fagg na hukumar kayan tarihi ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Waɗanda suka yi zanen sun yi kiwo a wannan ƙasa, sun sha ruwan waɗannan ƙoramu, lalle kuma suna da sunayen da suke kiran su da su, amma ko ɗaya bai iso gare mu da sunan mai shi ba. Har wa yau akwai Warjawa a ƙasar Birnin Kudu, masu harshensu na kansu. Dajin da magidancin 1910 ya sara, wani lokaci kufan waɗansu ne da yaƙi ko yunwa ta tasa, itatuwa suka rufe. Garma takan tono katangar tukunya ko dutsen niƙa a gonar da ake rantsuwa ba wanda ya taɓa nomawa. Saboda haka na farko a bakin jama'a yana nufin na farkon da ake iya tunawa.

Akwai kuma waɗanda suna ya tsallake. Mai gida shi ake ambata, amma ba shi kaɗai ya riƙe gatari ba. Ƙannensa sun sara, barorinsa sun sara, a waɗansu gidaje har da bayi da 'ya'yan bayi waɗanda suka fi kowa shan rana. Matan da sawunsu ya fitar da hanyar rafin ma ba a cika jin sunansu ba, sai fa in wata tsohuwa ta shahara da sayar da fura a bakin mashigi. Mu dai a ganinmu, duk mai son rubuta tarihin irin waɗannan wurare, in ya gama da zauren dagaci, ya kamata ya nemi izini ya gaisa da tsofaffin cikin gida, domin su ne suka fi riƙe wanda ya auri wa, da wanda ya biyo wa.

SUNA A GABAN ALƘALI

Wani zai ce duk wannan hira ce ta gindin bishiya. Ba haka ba ne, domin ranar da rikicin gona ya tashi, sunan nan shaida ne. A farkon mulkin Turawa an shigo da tsarin taki a ƙasar Kano, malaman taki suna auna gonaki da tako, amma domin haraji aka yi shi, ba domin a ba manomi takardar mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama na gargajiya a karkara, ta kuma bar manomi a kan gonar da yake nomawa. Duk da haka, mafi yawan gonakin ƙauye har yanzu ba su da takarda. In magada suka yi jayayya, ko aka yi musu a kan gonar aro ce ko jingina ko saye, abin da mai unguwa da dagaci da alƙali ke nema shi ne dattawan da za su taka iyaka su ce daga tsamiyar nan zuwa bakin kwarin wane. Wanda kwarin ke ɗauke da sunan kakansa ya shigo da rabin hujjarsa a hannu.

Rabin hujja dai muka ce, domin suna ba ya tashi in an sayar da gona. Gida yakan watse, yunwa irin ta 1914 ko farin 1973 da na 1984 ta kori mutane, gona ta shiga hannu uku ko huɗu, kwari kuwa yana nan da sunan mutanen farko. Sai wani jika ya dawo daga birni bayan shekara arba'in ya ce ai ko sunan wurin ma namu ne. Alƙalin kirki ya san suna yana nuna wanda ya fara, ba ya nuna wanda ke da ita yau. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan wuyar warwarewa: iyakar da aka kafa da kwazazzabo iyaka ce mai tafiya. Kuka tana nan inda aka bar ta, amma gaɓar kwari tana ci kowace damina, kuma ba ta cin ɓangarorin biyu daidai. Maƙwabta biyu da iyayensu suka rabu lafiya a kan cewa ruwa ne tsakaninsu, sai ka ga 'ya'yansu suna nuna wa juna yatsa, domin ruwan ya matsa kamu ashirin cikin gonar ɗaya ya bar wa ɗayan yashi. Haka nan in kwazazzabo ya yanke burtali, shanu ba su da zaɓi sai su hau gona, abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani.

Yau abin ya fi na da sauri. Mutane sun yi yawa, an daina barin gona ta huta, ana saran itace domin girki da gawayi, motocin tifa suna kwasar yashi a cikin rafuka, kwalbatin da aka yi ba tare da an shirya wa ruwan mafita ba kuma yakan tara ruwan fili mai faɗi ya watsa shi a gonar mutum ɗaya. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, sa'ad da ruwa ya karya gada kusa da ƙauyen Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, fiye da mutum 20 suka riga mu gidan gaskiya. Ruwan da ke karya gada ba a gindin gadar yake taruwa ba. Daga ɗaruruwan ƙananan kwaruruka yake fitowa, kowanne da sunan gidan da ya gada.

Maganin ƙaramin kwazazzabo ba ɓoyayye ba ne, manoma sun san shi. A tare shi tun daga ka, ba daga tsakiya ba. A jera duwatsu a gicciye, a dasa gamba ko jema a gaɓa, a ja kunya ta gitta gangare, a bar karan dawa a gona maimakon a kwashe shi ƙaf. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, watau in kututture ya tofo ba a sare tohon duka, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su zama bishiya, kuma gonakin da suka zama fako sun sake yin inuwa. Amma in rami ya riga ya fi ƙarfin gayya, sai hukuma, da injiniyoyi da kejin waya cike da duwatsu. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Jigawa kuwa tana ciki.

Roƙonmu ga ma'aikatan irin waɗannan shirye-shirye, da na ofishin safiyo da na ƙaramar hukuma, shi ne in sun zo auna kwazazzabo kada su wadatu da ba shi lamba. Su rubuta sunan da mutane ke kiransa da shi, da haruffan Hausa daidai, su rubuta wanda ya gaya musu da unguwarsa. Akwai amfanin aiki a cikin haka, ban da na tarihi. Gidan da ake kiran kwari da sunansa ya fi kowa jin kunyar a ce kwarinsu ne ya cinye maƙabarta ko ya raba gari da kasuwa, saboda haka ta ƙofarsu ya fi sauƙi a tara gayya, su ne kuma za su fi kula da shuke-shuken da aka dasa bayan motar hukuma ta tafi. Sa'an nan su yi tambayar a wuri fiye da ɗaya. Kwazazzabo mai tsawon mil biyu yakan amsa suna uku: mutanen tudu suna kiransa da sunan wanda ya sari kansa, na gangare suna kiransa da sunan mai fadamar da yake zubawa, Fulanin da ke shayar da shanu a tsakiyarsa kuma suna da nasu sunan da Fulatanci, wanda watakila ya girmi sauran biyun.